Jirgin farautar tsuntsayen ruwa a yankin Bagudo

Jirgin farautar tsuntsayen ruwa shi ne kwale-kwale ko jirgin katako da maharbi ke shiga domin ya isa wuraren da agwagin daji da dinya suke kiwo ko suke hutawa a kan babban ruwa. A yankin Bagudo na Jihar Kebbi, inda Kogin Neja ya shigo Najeriya daga iyakar Jamhuriyar Benin da ta Nijar, jiragen su da na fito ne ake samu a bakin ruwa, kuma daga cikinsu mai farauta yake zaɓa. Zaɓen yana da wuya saboda buƙatu biyu da suka saɓa wa juna. Jirgin da ya fi ɓoye maharbi daga idon tsuntsu ƙarami ne, siriri, mai gajeren gefe, kuma irinsa ne ya fi saurin cika da ruwa idan iska ta tashi a tsakiyar kogi. Don haka ma'aunin farko na jirgin farauta shi ne ruwan da zai ƙetare wajen zuwa da komowa. Wurin laɓewa yana zuwa ne daga baya.

Ruwan yankin

Bagudo ƙaramar hukuma ce a ƙarƙashin Masarautar Gwandu, mai faɗin murabba'in kilomita 7,782, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 238,014. Daga cikin garuruwanta akwai Bagudo, Illo, Lolo, Kaoje, Zagga da Tsamiya. Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, Dandawa da Zabarmawa kuma suke kira Isa, yana gangarowa daga wajen Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin, ya shigo Najeriya kusa da Lolo, ya ratsa ƙaramar hukumar yana fuskantar kudu maso gabas. Gabas da Illo Gulbin Sakkwato ya faɗa cikinsa. Daga nan ya wuce Yawuri ya shiga tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a 1968. Tafkin ya kai kimanin kilomita 130 a tsawo, faɗinsa kuma ya haura kilomita 20 a tsakiya.

Kogin yana cikowa sau biyu a shekara a wannan sashe. Cikowar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman yankin da na ƙoramun da ke kusa ne ke kawo ta, tana zuwa da laka da shara da itatuwa, shi ya sa ake ce mata farin ruwa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa. Wannan ruwa ne da aka yi a tsaunukan ƙasar Gini, ya bazu a manyan fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso iyakar Najeriya garai-garai tsakanin Disamba da Fabrairu. Ga mai farautar tsuntsaye wannan cikowa ta biyu ita ce mafi muhimmanci, domin ta dace da lokacin hunturu da kuma lokacin da agwagi masu ƙaura suke nan. Wato ruwa yana da yawa, iska tana kaɗawa, ana sanyi, tsuntsaye kuma sun taru, duk a lokaci guda.

Girman raƙuman ruwa ya dogara da abu uku: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan da ta yi tana tafiya a kan ruwa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Da rani, idan kogi ya koma cikin kwarinsa tsakanin tuddan rairayi, iska ba ta samun filin tara raƙuma. Amma idan ruwa ya haye fadamu ya rufe gonakin shinkafa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, wurin da jiya ake tsallakewa da gora sai ya zama fili na kilomitoci. Ruwa marar zurfi ba shi ne marar hatsari ba: raƙumansa gajeru ne, tsayayyu, suna bin juna kusa-kusa, ba sa ba ƙaramin jirgi damar hawa ɗaya ya sauka kafin na biyu ya iso. Haka kuma idan iska ta yi karo da gudun kogi raƙuman sukan miƙe su karye. Tun da kogin yana gangarawa kudu maso gabas ne, guguwar farkon damina kuma daga gabas take tasowa, irin wannan karo yana faruwa sosai tsakanin Afrilu da Yuni, kuma hadarin yakan iso cikin mintoci kaɗan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tana bugun jirgin da ke bin tsawon kogi a gefe. Takan yi sauƙi da asuba ta ƙaru da hantsi, daidai lokacin da maharbi yake komowa da kaya.

Tsuntsayen da ake nema

Kirinjijiya ita ce agwagwar daji da aka fi sani a wannan kogi. Tana da farar fuska da dogon wuya, tana fito idan ta tashi, kuma tana zama a yankin duk shekara. Da dare take yawan kiwo, da rana kuma garkenta kan tattaru a kan rairayi ko a gefen tsibirai, inda babu abin da zai iso su ba su gan shi ba. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, namiji yakan haura kilo 5, tana da ƙaimi a gwiwar fukafukinta, kuma tana son ciyayin da ruwa ya shafe da gonakin shinkafa. Tsuntsuwa ce mai tsananin wayo, ba ta bari a matso ta a fili. Daga Oktoba zuwa Maris kuma ƙananan agwagi masu ƙaura suna zuwa daga Turai da Saberiya, suna ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma garke-garke.

Halin waɗannan tsuntsaye shi ke jawo maharbi cikin matsala. Suna tashi da sauka ne da asuba da kuma faɗuwar rana, saboda haka rabin tafiyar mai farauta a cikin duhu take. Suna kuma zaɓar wurin da mutane ba sa yawan zuwa, wanda galibi sai an ƙetare babban ruwa ake kai masa.

Ire-iren jiragen

Mafi tsufa shi ne kwale-kwalen sassaƙa, wanda ake fafe shi daga gungume ɗaya da gatari da gizago. Sana'ar ta daɗe ƙwarai a arewacin Najeriya: kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa mita 8.4, kuma da itacen dangin maɗaci aka yi shi. Har yanzu maɗaci na cikin itatuwan da aka fi so, saboda yana jure ruwa. Rimi ya fi shi sauƙin sassaƙa da rashin nauyi, amma ba ya daɗewa. Faɗin kwale-kwalen sassaƙa ba ya wuce kaurin bishiyar da aka sare, kuma da yake manyan bishiyoyi sun yi ƙaranci a bakin kogi, waɗanda ake samu yanzu sirara ne. Ba shi da na biyu wajen kutsawa cikin burgu da sauran ciyayin fadama ba tare da ƙara ba. A tsakiyar kogi kuwa, da lodi, da iska a gefe, shi ne mafi rauni.

Jirgin katako ya maye gurbinsa a wurare da yawa. Kafintocin jirgi suna haɗa shi da faifan katako da ƙusa, su toshe tsakanin katakan da auduga ko tsumma, su shafe da kwalta. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, gefensa ya ɗan buɗe waje, goshinsa ya ɗaga. Amfaninsa shi ne mai saye yana iya faɗin tsawo da faɗi da tsayin gefen da yake so, ba bishiya ce za ta yanke masa ba. Matsakaicinsa, irin na masunta biyu ko uku, shi ne ya fi dacewa da farauta a buɗaɗɗen ruwa. Manyan jiragen kasuwa da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin Gaya da Lolo da Yawuri suna jure raƙuma, amma ba sa shiga fadama, ba sa kuma ɓuya.

Akwai kuma jiragen faiba da na alminiyam, waɗanda galibi a hannun hukumomi da jami'an tsaro ake ganinsu. Na faiba yana gudu kuma goshinsa mai tsini yana yanka raƙuma, sai dai yana da tsada, gyaransa kuma ba aikin kafintan ƙauye ba ne. Na alminiyam ba shi da nauyi, amma duk abin da ya faɗi a cikinsa sai ya yi ƙara kamar an buga kwano, iska kuma tana tura shi cikin sauƙi.

Sarkawa, masuntan da suka bazu a tsawon kogin tun daga ƙasar Songhai har Yawuri, su ne suka fi kowa sanin waɗannan jirage. Farauta a kan ruwa ba baƙuwa ba ce a wurinsu: a farkon shekarun 1950 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim na yadda danginsu na Nijar suke farautar dorina da mashi daga cikin jirgi, kuma don wannan aiki sukan haɗa babban jirgi mai kauri na musamman, dabam da ƙananan da suke su da su.

Abin da ake dubawa

Abu na farko shi ne tsayin gefen da ya rage sama da ruwa bayan an gama lodi, da mutane da bindiga da inji da mai da komai. Duba jirgi yana fanko a bakin gaɓa ba ya nuna wannan. Lissafinsa mai sauƙi ne, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Sirin kwale-kwalen da shimfiɗarsa a kan ruwa ba ta wuce murabba'in mita 2 ba yana nutsewa santimita ɗaya a kan kowane kilo 20, wato mutum mai kilo 70 yana cinye masa santimita 3 da rabi na gefe. Jirgin katako mai shimfiɗar murabba'in mita 5 sai an ɗora masa kilo 50 kafin ya sauka santimita ɗaya. Jirgin da gefensa bai wuce taƙi ɗaya sama da ruwa ba bayan lodi, na cikin fadama ne, ba na ƙetare kogi da hunturu ba. Ana kuma tuna cewa lodin komowa ya fi na zuwa: ga tsuntsayen da aka harbo, ga jiƙaƙƙun kaya, ga ruwan da ya taru a gindi.

A Amurka akwai wani lissafi da ake koya wa masu ƙananan jirage da ba su kai ƙafa 20 ba: a ninka tsawo da faɗi da ma'aunin ƙafa, a raba da 15, abin da ya fito shi ne yawan mutanen da jirgin zai ɗauka. Kwale-kwale mai ƙafa 18 a tsawo da ƙafa 2 da rabi a faɗi zai ba da mutum 3. Amma lissafin na kwantaccen ruwa ne, kuma bai sa kaya a ciki ba. Ga maharbi a buɗaɗɗen ruwa, irin wannan jirgi na mutum biyu ne.

Abu na biyu shi ne siffar gindi, kuma a nan ne baƙon ruwa ya fi ruɗuwa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya tangaɗi idan an taka shi a bakin gaɓa, sai mutum ya ɗauka ba ya kifewa. Gaskiyar ita ce yana bin kwanciyar ruwan da ke ƙarƙashinsa ne: idan ruwan ya karkata, shi ma ya karkata tare da shi, kuma idan ya wuce wani mizani sai ya kife gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Kwale-kwale mai zagayayyen gindi yana tangaɗi tun daga farko, yana tsorata wanda bai saba ba, amma raƙumi yakan bi ta ƙarƙashinsa ya wuce. Tsaka-tsakin da ya fi kyau shi ne gindi shimfiɗaɗɗe marar faɗi sosai, da gefe mai buɗewa waje, domin duk yadda jirgin ya ƙara karkata, buɗaɗɗen gefen yana ƙara tokare ruwa, yana kuma watsa feshi waje.

Goshi ya kamata ya ɗaga, ya kuma kasance ba a ɗora masa nauyi ba. Jirgin da aka tara kaya a gabansa yakan soka hancinsa cikin raƙumi maimakon ya hau shi. Tsawo ma yana da tasiri: dogon jirgi yana hawa kan raƙuma biyu ko uku a lokaci guda ya tafi daidai, gajere kuwa yana faɗawa tsakaninsu. Katakan zama da ke gicciye su zama ƙasa-ƙasa, domin duk yadda mazauni ya yi sama, jirgin yana ƙara saurin jirkicewa. Masunta da yawa a kan gindin jirgi suke zama ko su durƙusa, kuma ba don rashin kujera ba ne.

Ruwan da ya shiga cikin jirgi ya fi kowane lodi hatsari. Idan daɓen jirgi mita 6 ne a tsawo, santimita 80 a faɗi, ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya kai lita 240, nauyin manyan mutane uku ke nan. Bayan nauyi kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da jirgin ya karkata sai ya kwarara gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi. Shi ya sa ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwasar ruwa ba ta rabuwa da jirgi, kuma ana ɗaure ta da igiya, don kada ta bi ruwa a lokacin da aka fi buƙatarta.

Tambaya ta ƙarshe ita ce abin da jirgin zai yi bayan ya cika. Kwale-kwalen rimi yana ci gaba da yawo a saman ruwa ko ya cika fal, mutum yana iya riƙe shi. Na itace mai nauyi, musamman wanda ya sha ruwa shekara da shekaru, da kyar yake tsayawa, idan kuma an ɗaura masa inji yana iya tafiya ƙasa. Maganin da ke kusa shi ne jarkoki marasa komai, a rufe bakinsu sosai, a ɗaure su tamau a ƙarƙashin katakan zama. Kowace jarka mai lita 25 tana tallafar fiye da kilo 20.

Lafiyar katakon kanta ana gwada ta da hannu. Ana kife jirgin a soka bakin wuƙa a gindi da wajen da katakai suka haɗu. Inda wuƙar ta shige da sauƙi, wurin ya ruɓe. Tsagewa a goshi ko a ƙeyar kwale-kwalen sassaƙa tana ƙaruwa ne kullum, facin gwangwani da kwalta yana rufe ta kawai. A jirgin katako kuwa tsatsar ƙusa ce abin tsoro, domin sabon fenti yana ɓoye ta. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kwashe ruwan jirgi tas da yamma, a bar shi a kan ruwa ya kwana, a duba da safe.

Harbi daga cikin jirgi

Bindiga tana tura kafaɗa baya idan ta tashi. Idan an yi harbin ta wajen goshi, tsawon jirgin yana shanye turin. Idan an yi shi ta gefe, turin yana haɗuwa da juyin da maharbi ya yi yana bin tsuntsu da bakin bindiga, kuma wannan ya isa ya kifar da sirin kwale-kwale ko ruwa yana kwance. Saboda haka matuƙi yana juya goshin jirgi ya fuskanci tsuntsaye, maharbi yana gaba a zaune, kuma mutum ɗaya ne ke harbi a lokaci guda. Bindigar toka, wadda ita ce ta fi yawa a hannun mafarautan karkara, tana da ƙarin matsala biyu. Ɗurinta ta baki ake yi da sanda, abin da ke sa mutum ya so miƙewa tsaye, albarushinta kuma ba ya jure ko feshin ruwa. Ɗurarriyar bindiga da aka ajiye a gindin jirgi tana iya tashi ta fasa katako, shi ya sa bakinta kullum yake kallon waje.

Ciyawar da ake lulluɓe jirgi da ita don ɓuya tana kama iska kamar tabarmar da aka miƙar, tana kuma ɗaga nauyi sama. A kwance take tafiya, sai an isa wurin laɓewa ake kafa ta.

Hanyar da ta warware saɓanin ɓuya da aminci ita ce amfani da jirgi biyu. Babba ya ƙetare kogi yana jan ƙaramin kwale-kwale fanko a bayansa, a ɗaure babban a bakin ciyayi, a shiga fadama da ƙaramin. Masu farautar agwagi a manyan tafkunan Amurka haka suke yi: maharbi yana kwance cikin wani ɗan jirgi da gefensa da kyar ya fi ruwa, babban jirgi kuma yana tsaye nesa kaɗan yana jiransa.

Inji, filafili da gora

Injin jirgi yana rage daɗewa a kan buɗaɗɗen ruwa, kuma wannan babbar riba ce idan hadari ya taso. Na kamfanin Yamaha ne aka fi gani a kogin. Mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40, mai ƙarfin doki 40 kuwa ya haura kilo 70, kuma dukan nauyin a ƙeya yake, tare da matuƙi da tankin mai. Idan inji ya fi ƙarfin jirgi, ƙeyar tana sauka, raƙumin da ya biyo baya ya hau ta. Farfela kuma tana naɗe kainuwa da burgu da tsofaffin komaye, sai injin ya mutu, jirgin ya juya ya ba raƙuma gefensa. Ƙa'idar mai da masu jirage a ƙasashe da dama ke bi ita ce a raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, ɗaya na ajiya.

Ko da inji, filafili biyu da gora ba sa fita daga jirgi. Gora ta fi aiki a fadama, ba ta ƙara, ana kuma kafa ta a ɗaure jirgi. Amma da an bar gefen kogi an shiga zurfi ba ta taɓa ƙasa, wanda ya dogara da ita kaɗai sai inda ruwa ya kai shi.

Hatsarori

Manyan hatsarorin jirgi da aka sani a wannan sashen kogi na fasinja ne, amma dalilansu iri ɗaya ne da na ƙaramin jirgi. A watan Satumba na 2017 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Gaya zuwa kasuwar Lolo ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto kaɗan ne. Hukumomi sun danganta shi da yawan lodi da tsufan jirgin.

Misalin da ya shafi mafarauta kai tsaye ya faru ne a Amurka a ranar 11 ga Nuwamba 1940. An wayi gari da ɗumi, masu harbin agwagi suka shiga tsibiran Kogin Misisipi da ƙananan jirage da tufafi marasa kauri. Da rana iska mai ƙarfi da dusar ƙanƙara ta sauko, jiragen suka kasa ƙetarewa su koma, mutane da dama suka nutse ko sanyi ya kashe su a kan tsibiran. Sanyin Kebbi bai kai wannan ba, amma da asubar hunturu ma'aunin zafi kan sauka zuwa kusan digiri 15, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iska yana saurin rasa ƙarfin hannunsa.

Akwai abubuwan da siffar jirgi ba ta maganinsu. Dorina tana nan a kogin da tafkin Kainji, tana komowa ruwa daga kiwo da asuba, kuma mai ɗa tana iya fasa jirgin katako. A Kainji kututturan bishiyoyin da ruwa ya shafe a 1968 suna nan a ƙasa, suna matsowa kusa da sama idan tafkin ya ja baya. Hazon hunturu yana ɓatar da gaɓa, mutum ya yi ta kewaya yana zaton ya miƙe. Sanin wuraren nan yana hannun masunta da sarakunan ruwa na kowane gari, shi ya sa baƙon maharbi yake ɗaukar matuƙi ɗan gari.

Doka da iyaka

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da ƙa'idojin tafiya a kogin. Ƙa'idojinta sun wajabta sa rigar kariya daga nutsewa, sun kuma hana tafiyar dare daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Wannan ya shafi mai farauta kai tsaye, tun da lokacin tsuntsaye asuba ne da magariba. Wanda ya ƙetare da rana ya kwana a tsibiri ya kauce wa dokar da kuma duhun. Riƙe bindiga, har da ta toka, yana buƙatar lasisi a ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959, farauta kuma tana ƙarƙashin dokokin namun daji da jihohin Arewa suka gada daga dokar 1963.

Najeriya da Benin da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar AEWA ta 1995, wadda ke kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da yammacin Asiya. Daga cikin abin da ta nema akwai daina amfani da harsashin dalma a fadamu, domin agwagi suna haɗiye ƙwayoyin da suka zube cikin laka su mutu da guba. A 2008 an sa tsibiran Foge da ke tafkin Kainji cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. An haramta farauta a Gandun Dajin Tafkin Kainji, haka kuma a Gandun W da ke sama da Gaya, wanda Benin da Nijar da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa.

A kan ruwa iyaka ba ta da alama. Sama da Lolo kogin ne kansa ya raba Benin da Nijar, kuma sai a ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa layin yana bin wuri mafi zurfi na babbar hanyar jirage, ta kuma ba Nijar tsibirin Lete. Jirgin da inji ya mutu masa, ko hazo ya ɓatar da shi a wajen Lolo, yana iya tsintar kansa a ruwan wata ƙasa cikin ɗan lokaci. Kowace ƙasa tana da tata dokar farauta, ta Nijar ta 1998 ce, ta Benin kuma ta 2004, kuma lasisin bindiga na Najeriya ba ya aiki a ɗaya daga cikinsu.